Zanen dutse ba ya fitowa a kyamara, in fesa masa ruwa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a nan Sakkwato, a Mabera nake, ina ɗan taɓa harkar ɗaukar bidiyo. Na tara 'yan kuɗi zan je Birnin Kudu in shirya fim ɗin tarihi a kan zanen shanun da mutanen zamanin baya suka bari a jikin duwatsu. Damuwata ita ce zanen ya koɗe, da ƙyar ake gane shi a hoto. Wani da ya daɗe a sana'ar ya ce in tafi da ruwan leda in fesa, nan take launin zai taso. Ina tsoron in kashe kuɗin mota da na hayar kyamara in dawo da hoton dutse kawai. In fesa?

AMSA: Wa alaikumus salam. Ɗana, kada ka fesa. Ko ɗigo ɗaya. Tsoron asarar kuɗinka yana kan hanya, kuma akwai maganinsa, zan zo kansa. Amma bari in fara da maganar ruwan nan, don ta ishe ni. Kusan duk matashin da ya zo mini da batun zanen dutse, sai na tarar wani "gwani" ya riga ya hure masa kunne da ita.

Abin da ya sa wannan shawara ta ƙi mutuwa shi ne tana aiki a ido. Ka jiƙa dutse, jan ya yi jawur, ƙahon saniya ya fito sarai, ka ɗauka ka tafi kana murna. Ba ka nan lokacin da ɓarnar za ta bayyana. Ka san yadda gindin bango yake yi a gidajenmu bayan damina, farin gishiri ya feso, yaɓen ya riƙa ɓarewa yana zuba? To haka dutse yake. Ruwa yana shiga ƙananan ramukansa ya narkar da gishirin da ke ciki, in ya bushe gishirin ya dawo sama ya daskare. Wani gishirin ya rufe zanen da farin hazo, wani ya daskare a ƙarƙashin launin ya tura shi waje har ya ɓantare. Ga ƙura da ke mannewa a wurin da ya jiƙe, ga gansakuka da laima ke gayyatowa. Shi ya sa wanda ya zo bayanka zai tarar da zanen ya fi dishewa, shi ma ya fesa, na bayansa ya ƙara.

An gwada wannan an ga ƙarshensa. A Tassili, kudancin Aljeriya, inda ake da zane wajen 15,000, ayarin Bafaranshen nan Henri Lhote da ya fara aiki a 1956 ya riƙa goge zanen da jiƙaƙƙen soso don a kwafe shi. Masu yawon buɗe ido da 'yan rakiya suka ɗora a kai. Masana na baya sun yi ta kuka da yadda wasu zanen suka koɗe saboda haka. Kogon Lascaux a Faransa kuwa ba ma wanda ya fesa masa komai. An gano shi a 1940, aka buɗe wa jama'a a 1948, numfashi da ɗumin jikin masu ziyara, wajen 1,200 a rana, suka jawo gansakuka da farin ɓawo a bango, dole aka rufe shi a 1963. In numfashi ya yi haka, ina ga ledar ruwa?

Har yau ina ganin bidiyo a TikTok, mutum ya tsiyaya lemon kwalba a kan zane, wani ya bi layin da alli wai don masu kallo su gane, wani ya shafa da tafin hannu yana bayani. Allin da maiƙon hannu suna gurɓata wurin, su ɓata wa masu binciken shekarun zanen aikinsu. In ɗan rakiya ya ɗauko gora zai yi maka "gyara", ka riƙe hannunsa cikin mutunci ka ce ba ka so. Yawancinsu don su faranta wa baƙo rai suke yi, kuma masu kyamara ne suka koya musu.

Yanzu ga abin da zai fitar maka da zanen. Ka ɗauka da sassafe ko da la'asar sakaliya, lokacin da wurin yake cikin inuwa gaba ɗaya, don rabi rana rabi inuwa shi ke kashe hoto. Kafa kyamara a kan ƙafarta, ka ɗauki hotuna tsayayyu a tsarin RAW (ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa shi ba) baya ga bidiyon. Farin ƙyalle ya isa ya mayar maka da haske cikin lungu. Fitila mai zafi da janareta su yi nesa da dutsen. In ka dawo gida, akwai manhaja mai suna DStretch da Jon Harman ya ƙirƙiro musamman don wannan aiki, har da ta waya. Tana ƙara tazarar da ke tsakanin launuka, sai jan da ido ba ya gani ya taso. Ka nuna wa masu kallo hoton asali, sannan wanda aka gyara, ka gaya musu an gyara.

Kada takura ta karya maka gwiwa. Da Bajamushen nan mai shirya fim Werner Herzog ya shiga kogon Chauvet mai tsoffin zane a Faransa don ɗaukar fim a 2010, su huɗu kacal aka bari, a kan siririyar hanyar ƙarfe, da fitilun batir marasa zafi, sa'o'i kaɗan a rana, ba taɓa bango. Fim ɗin ya zaga duniya.

Wuraren Birnin Kudu, irin su Dutsen Mesa da Dutsen Habude, suna ƙarƙashin hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa. Ka rubuta takardar neman izini tun da wuri, ka bi sawunta da ƙafarka, ka kuma gaida masu gari kafin ka hau dutse. Kuma kada ka ari shekaru 36,000 na Chauvet ka liƙa wa namu. Shanun gida ne aka zana, zamaninsu ya fi na Chauvet kusa da namu sosai.

Tun da a Sakkwato kake, fara ɗaukarka a Kasuwar Kara. Ɗauki Gudali da tozonsa da kyau, don shanun da za ka tarar a jikin dutsen ba su da tozo. Ka nemi dattijon makiyayi ka nuna masa hoton zanen, ka bar kyamara a kunne yana magana. A Birnin Kudu kuma akwai duwatsun da ake kaɗawa su yi amo kamar ƙararrawa, don haka ka tafi da makirfo mai kyau, ka bar mutanen wurin su kaɗa maka da kansu.