Tambaya da Amsa: Digirin MBA ta Intanet, Neman Gurbi da Biyan Kuɗinsa

Wasiƙun wannan fitowa duk a kan abu guda suka zo, wato digiri na biyu a fannin gudanar da kasuwanci, wanda aka fi sani da MBA, da yadda ake yin sa daga gida. Mun taƙaita tambayoyin saboda ƙarancin fili.

Ni ma'aikaci ne a wata ma'aikatar tarayya, ina zaune a Kubwa. HND nake da ita a fannin akanta, shekarata tara a aiki. Ina son MBA ba tare da na bar aiki ba. Ta ina zan fara?

Malam, ka fara da HND ɗin nan taka. A jami'o'in Najeriya akasari ba a shiga MBA da ita kai tsaye, sai an bi ta diflomar bayan digiri, wato PGD, wadda kan ɗauki zango biyu. Haka ma wanda ya fita da digiri mai daraja ta uku. Mai daraja ta ɗaya ko ta biyu ne ke wucewa kai tsaye. Don haka ka lissafa shekara guda ta PGD, sannan shekara ɗaya da rabi zuwa biyu ta MBA, muddin ba ka faɗi wani darasi ba.

Wuraren da za ka fara dubawa biyu ne. Akwai Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, NOUN, wadda hedikwatarta ke Jabi, nan kusa da kai, kuma tun asali don karatun nesa aka kafa ta. Akwai kuma cibiyar karatun nesa ta Jami'ar Ahmadu Bello Zariya, wadda ke koyar da MBA ta intanet. Ko wacce ka zaɓa, ka leƙa shafin Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ka ga ko an amince wa jami'ar ta gudanar da karatun nesa. Sunan jami'a a jerin halastattu bai isa ba, izinin karatun nesa daban yake.

Takardun da za a nema su ne sakamakon WAEC ko NECO mai kiredit biyar har da Turanci da lissafi, da shaidar HND, da takardar kammala bautar ƙasa ko ta yafewa, da wasiƙun masu tsaya maka, da takardar makin darussa wadda ake kira tiranskirif. Wannan ta ƙarshe ita ce ke kayar da mutane. Ba a hannunka za a ba ka ba, tsohuwar makarantarka ce za ta aika wa sabuwar, kuma tana iya cin watanni kafin ta fito. Ka neme ta tun kafin a buɗe sayar da fom. Sannan ka jera takardunka ka duba sunan da ke kan kowacce. Idan Muhammad ne a WAEC, Mohammed a HND, an kuma sauya jerin sunaye a katin NIN, ka je kotu ka yi takardar rantsuwa tun yanzu, domin a wurin tantancewa ake tsayar da mutum a kan wannan, bayan ya riga ya biya.

Wani abu da ma'aikatan gwamnati ke wasa da shi: ka rubuta wa ma'aikatarku ka nemi izinin karatun, ka karɓi amsa a rubuce, a saka a fayil ɗinka. Wanda ya yi karatu a ɓoye ya zo da takarda daga baya, ana iya ƙin sa masa ita cikin lissafi. Izinin zai kuma yi maka amfani lokacin jarrabawa, don ko da darasin ta intanet ne, jarrabawar ƙarshen zango a zaure ake rubuta ta, a ranakun da ba kai ka zaɓa ba.

Ina da shagon atamfa a kasuwar Wuse. Na ga talla a Facebook, wata jami'ar waje za ta ba da MBA cikin wata shida, babu jarrabawa, kuma akwai ragin rabin kuɗi ga wanda ya biya cikin mako guda. In biya?

Hajiya, kada ki biya. Araha ba ta ado. Alamu uku da kika lissafa kowace ɗaya ta isa a ja da baya, musamman wa'adin mako gudan, wanda aka sa don kada ki samu lokacin bincike. A watan Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance digirorin Jamhuriyar Benin da Togo, bayan wani ɗan jarida ya samo digiri daga Kwatano cikin 'yan makonni. Tun daga lokacin ake ƙara sa ido a kan takardun waje.

Manyan makarantun kasuwanci na duniya ƙungiyoyi uku ne ke tantance su: AACSB da AMBA da EFMD, mai ba da shaidar EQUIS. Ki nemi sunan makarantar a shafin ƙungiyar kanta, kada ki dogara da tambarin da suka liƙa a tallarsu. Kuma Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ce ke tantance takardun waje, ga ta nan a Sakatariyar Tarayya ta Abuja, tambaya ba ta cin kuɗi. Idan kuma abin da kike so shi ne iya lissafin riba da sarrafa kaya a shago, gajeren kwas na ajiye lissafi zai fi miki amfani da wuri.

Wata jami'a a Ingila ta ba ni gurbin MBA ta intanet. Albashina na naira ne, kuɗin makaranta na fam. Akwai tallafi? Kuma ba na son bashi mai ruwa.

Ɗan'uwa, bari mu fara da ƙofofin da ba naka ba, don kada ka ɓata lokaci. Lamunin NELFUND, wato asusun gwamnati na ba ɗalibai rance, wanda aka sa wa dokarsa hannu a Afrilun 2024, na ɗaliban manyan makarantun gwamnati ne na cikin gida. TETFund, asusun tallafa wa ilimi mai zurfi, malaman manyan makarantun gwamnati yake ɗaukar nauyinsu. Chevening, tallafin karatu na gwamnatin Birtaniya, sai wanda zai je can ya zauna ya yi karatu, ba ya biyan na nesa. Wanda aka tsara don karatu daga gida shi ne tallafin karatun nesa na Commonwealth, amma kwasa-kwasansa zaɓaɓɓu ne, akasari waɗanda suka shafi raya ƙasa, sai ka duba jerin kowace shekara. Abin da ya fi samuwa shi ne ragin da jami'ar da kanta ke yi. Ka rubuta wa ofishin ɗaukar ɗalibai ka tambaya kafin ka amsa gurbin, domin bayan ka biya kafin alƙalami ba ka da sauran ciniki.

Babban haɗarin shi ne canji. Kafin a saki naira a Yunin 2023, dala a farashin hukuma tana wajen naira 460. Zuwa Fabrairun 2024 ta kai 1,500. Mu ɗauka kuɗin makaranta dala 10,000 ne: wanda ya yi lissafinsa a kan miliyan 4.6 ya wayi gari ana bin sa miliyan 15, kwas bai canja ba, albashi bai motsa ba. Fam ma haka ta yi. Saboda haka ka buɗe asusun kuɗin waje a bankinka, ka riƙa sayen kaɗan-kaɗan duk wata, kuma kada ka fara sai kuɗin rabin kwas na ajiye. Ka tambayi jami'ar abubuwa uku a rubuce: ko ana biya darasi-darasi, kamar yadda Jami'ar Landan ke yi a MBA ɗinta ta nesa, ko kuɗin darasi na ƙaruwa kowace shekara, da kuma iyakar shekarun da aka yarda ɗalibi ya kammala a cikinsu. Amsa ta ukun ce za ta nuna maka ko za ka iya dakatawa zango guda idan aljihu ya yi sanyi.

Game da bashi, ƙungiyar adashin gata ta ma'aikata ta fi sauƙi, tunda daga albashi ake cira, wasu kuma ba sa ɗora ruwa. Bankin Jaiz da TAJBank duk hedikwatarsu na nan Abuja, kuma ba sa ta'ammali da ruwa. Ka je ka tambayi tsarin da suke da shi na kuɗin makaranta, ka sa a rubuta maka jimillar abin da za ka mayar da tsawon lokacin. Shawararmu ita ce abin da za a riƙa cira kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na albashinka. Adashi na taimakawa, amma sai ka roƙi uwar adashi ta sa kwasarka a watan da ake biyan kuɗin zango. Idan wurin aikinka zai biya, za su sa ka sa hannu cewa za ka zauna wasu shekaru bayan kammalawa, ka karanta abin da za ka mayar in ka tafi kafin lokacin.

Kuma ka sa data da wuta cikin lissafi. Darasin bidiyo kai tsaye na awa guda na iya cin kusan gigabayit ɗaya. Wasu jami'o'in waje suna sa ido a jarrabawa ta kyamarar kwamfuta, idan wuta ko intanet ta yanke ana tsaka da rubutu za a iya soke ta. Ƙaramar inbata da layin kamfani na biyu ba almubazzaranci ba ne.

Ina koyarwa a wata sakandare a Jos. Idan na yi MBA zan iya wucewa digirin digirgir, in koyar a jami'a?

Malama, da wuya. A tsarin jami'o'inmu MBA digirin sana'a ne, na masu gudanar da kamfani da ofis. Mai son koyarwa ko digirin digirgir, M.Sc, wato digiri na biyu na bincike, ake nema a wurinsa, saboda binciken da ke cikinsa, kuma da yawa daga masu MBA sai sun koma sun yi shi. Ki shiga Jami'ar Jos ki tambayi makarantar karatun gaba da digiri sharuɗɗan M.Sc a sashen da kike so, ki tafi da kwafin takardunki.