Ɗana yana son zama Fada, amma karatu na ba shi wuya

Tambaya: Fada, barka da aiki. Ina da ɗa mai shekara 11. A gida nake koyar da shi tun da muka cire shi daga makaranta shekara biyu da suka wuce, domin kullum da kuka yake dawowa, yara na yi masa dariya in an ce ya tashi ya karanta. Har yanzu da ƙyar yake karatu: yana tsallake kalmomi, yana musanya b da d, kafin ya gama layi uku ya haɗa gumi. Amma abin da ya ji da kunne ba ya mantawa, addu'o'in Mas kusan duka suna kansa. Tun yana shekara 8 yake cewa shi Fada zai zama, har yakan shimfiɗa tawul a kan tebur, ya ɗora kofi, ya sa ƙannensa su durƙusa. Mahaifinsa ya ce in daina sa masa rai. Ni kuwa har na sayi littafin Latin in fara masa. Yaya zan shirya shi? Kuma seminari, makarantar horar da masu son zama Fada, za ta karɓi yaro irinsa, wanda ko makarantar da aka saba ba ya zuwa?

Amsa: Mama, ajiye littafin Latin ɗin nan tukuna, ba ruɓewa zai yi ba. Dokar Ikilisiyar Katolika, wadda aka fitar a 1983, ta ce a sashe na 1031 ba a naɗa mutum firist, wato Fada, sai ya cika shekara 25. Ɗanki na da 11, ke nan akwai aƙalla shekara 14 tsakaninsa da wannan rana, in Allah ya nufa za ta zo. Maganar ko Allah na kiransa ya zama Fada tana iya jira. Karatu shi ne ba ya jira, domin duk shekarar da ta wuce ba a gyara ba, ratar da ke tsakaninsa da tsaransa ƙaruwa take yi, shi kuma yana ƙara yarda a ransa cewa daƙiƙi ne. Don haka da karatun zan fara, a kansa kuma zan fi daɗewa.

Abin da kika bayyana ya yi kama da matsalar da ake kira disleksiya. Ban ga yaron ba, sai ƙwararre ya gwada shi kafin a sa wa abin suna, kuma kafin nan a duba idonsa da kunnensa, don wani lokaci tabarau kawai ake nema. Ƙananan yara da yawa kan musanya b da d suna farkon koyo, ya wuce da kansa. A shekara 11 kuwa, haɗe da tsallake kalmomi da wannan gumin, ruwa ba ya tsami banza. Matsalar ba ta rashin basira ba ce, ba kuma ta lalaci ba. Ƙwaƙwalwar yaron ce ke wahala wajen farfasa kalma zuwa sautukanta da ɗaure kowane sauti da harafinsa, abin da sauran yara ke yi ba su ma san suna yi ba. Tana kuma bin jini, don haka ki tambaya a dangi, da wuya ki rasa wani kawu da ya gudu daga makaranta alhali kowa ya san shi da kaifin kai. A 1896 wani likita a Ingila, Pringle Morgan, ya rubuta labarin wani yaro mai shekara 14 da ya kasa karatu, wanda malaminsa ya ce da da baki ake yin koyarwa duka, da shi ne zai fi kowa a makarantar. Ina jin kin gane ɗanki a nan.

Haddar da kike alfahari da ita baiwa ce, amma ita ce kuma labulen da yake ɓuya a bayansa. Yaro irin wannan yakan ga harafin farko ya cinki sauran, ko ya karanto daga ka yana jan yatsa a kan layi. A gida abin ya fi ɓoyuwa, domin uwa ba ta iya jure ganin ɗanta na fama, kafin ya gama kokawa da kalma ta ƙarasa masa. Ki gwada wannan: rubuta masa kalmomin da ba su da ma'ana, irin su lumak, bedaf, sitrom, ki rufe bakinki. Ba zai iya cinkarsu ba, ba kuma ya taɓa jinsu. Abin da ya yi da su shi ne ainihin matakin karatunsa.

Hanyar da aka daɗe ana bi da irin waɗannan yara ta samo asali ne daga aikin Samuel Orton, likitan ƙwaƙwalwa, da malama Anna Gillingham a Amurka, a shekarun 1930. Ana koyar da sauti ɗaya da harafinsa, a tsare, daga mai sauƙi zuwa mai wuya, ba a wuce ɗaya sai ya zauna. Yaro ya ga harafin, ya faɗi sautinsa da ƙarfi, ya zana shi da yatsa a cikin faranti mai yashi, ido da kunne da baki da hannu duk a lokaci guda. Sa'an nan a haɗa sautuka biyu, uku, a ba shi gajerun jimloli da aka gina da abin da ya riga ya koya kawai. Minti 20 zuwa 30 kowace rana ya fi awa uku ranar Asabar. In kin sami malamin da aka horar a wannan fanni, ko sau biyu ne a mako, ki zauna a gefe ki koyi yadda yake yi, ki ɗora a sauran ranakun. Kada ki ji kunyar komawa da ɗan shekara 11 kan aikin 'yan aji ɗaya. Ki faɗa masa gaskiya: ƙwaƙwalwarsa ta wata ƙofa take shigar da rubutu, ita za ku bi.

Ki kuma raba koyon karatu da neman ilimi, kada ɗaya ya riƙe ɗaya. Tarihi, kimiyya, katikizim, labaran Littafi Mai Tsarki, duk ki ba shi ta kunne, daidai da shekarunsa ko ma sama. Ki karanta masa, ki kunna masa littattafan da aka naɗa a murya, ya ba ki amsa da baki, ku yi gardama. Ya koyi buga rubutu a kwamfuta tun yanzu, da yadda ake sa na'ura ta karanto masa shafi. Wannan ba ha'inci ba ne, kamar tabarau ne ga mai raunin gani.

Yanzu ga tambayarki ta biyu. A cikin jerin abubuwan da dokar Ikilisiya ta ce suna hana naɗi, babu matsalar karatu. Sashe na 930 ma ya yarda firist makaho ya yi Mas, wani na gefensa yana taimaka masa in da bukata. Amma ba zan rufe ki ba, sashe na 241 ya ce Bishop zai karɓi wanda ya ga zai iya ne kawai a seminari, bayan ya duba halinsa, ibadarsa, basirarsa, lafiyar jikinsa da ta hankalinsa, da niyyarsa. Karatun kuma ba kaɗan ba ne: shekara 2 na falsafa, 4 na tauhidi, a taƙaice ke nan, kuma tun tsarin da Roma ta fitar a Disamba 2016 akwai shekarar share fage kafin a fara. Bayan naɗi ma ba a hutawa. Firist na karanta Addu'ar Sa'o'i, wato addu'o'in da aka tsara wa lokuta daban-daban na yini, kowace rana, Zabura na zagayowa duk mako huɗu, ga Bishara a gaban jama'a, ga shirya wa'azi, ga takardun aure da na baftisma inda kuskuren harafi ɗaya a suna kan jawo wa mutane wahala shekaru bayan haka.

Sai dai akwai rangwame a cikin aikin da mutane ba sa lura da shi. Kusan duk abin da firist ke karantawa a fili an san shi tun da wuri. Karatun Lahadi na juyawa ne duk shekara uku, na ranakun mako duk shekara biyu, addu'o'in bagade kuwa su ne dai kullum. Mai hadda irin ta ɗanki, in ya koyi shiri tun yana yaro, zai iya tsayawa a mumbari ba wanda zai san da wani abu. Na taɓa koyar da wani ɗalibi da ya ɓoye tasa matsalar har shekara biyu. Duk ranar da karatu ya faɗo kansa, tun kafin kowa ya farka yake tashi ya haddace. Wata safiya aka bar littafin a buɗe a wani shafi daban, ya hau ya zuba karatun ranar tiryan-tiryan, idonsa a kan shafin da ba shi ba ne, mai riƙe da littafin kawai ya gani. Da muka kira shi, kuka ya fashe da shi, yana zaton korarsa za a yi. Abin da ya dame mu ba karatun ba ne, ɓoyon ne, da shekara biyu na barcin da ya rasa a banza. Aka ƙara masa lokaci a jarrabawa, wasu darussan aka gwada shi da baki. Ba kowace seminari ke da irin wannan tanadi ba, shi ya sa nake so ɗanki ya isa can da takardar gwajin ƙwararre a hannunsa, yana kuma iya faɗa da bakinsa ba tare da sunkuyar da kai ba: ga abin da ke ba ni wuya, ga abin da ke taimaka mini.

Latin ɗin da ke tsorata ki, sashe na 249 ya ce a koyar da shi sosai a seminari, a can ake koyar da shi ke nan. Rubutunsa ma na bin furucinsa kusan harafi da harafi, ya fi Ingilishi sauƙin karantawa nesa ba kusa ba. Wahalarsa a nahawu take, ƙarshen kalmomi masu sauyawa. In kina so, ya koyi Pater Noster da Ave Maria, wato addu'ar Ubanmu da gaisuwar Maryamu da Latin, da kunne, a waƙe. Littafin nahawun ya jira sai karatunsa a harshen da yake koyo da shi ya miƙe.

Na san za a kawo miki labarin Waliyyi Yohanna Vianney, don haka bari in riga su. An haife shi a 1786 kusa da Liyon a Faransa, juyin juya hali ya cinye masa ƙuruciya, sai yana wajen shekara 20 ya fara karatu sosai. Latin ya kayar da shi har aka sallame shi daga seminari. An naɗa shi a 1815, aka tura shi ƙauyen Ars a 1818, inda ya kai ga zama awanni har 16 a yini yana sauraron masu furta zunubi, yau kuma shi ne majiɓincin firistocin ikilisiyoyi. Mutane kan ba da labarin kamar hujja ce cewa karatu ba kome ba ne. Suna manta Fada Balley, wanda ya zaunar da shi a gidansa shekara da shekaru yana maimaita masa darasi, ya koya masa tauhidi cikin harshen Faransanci lokacin da Latin ya gagara, ya kuma je ya tsaya masa a gaban hukuma. Akwai kuma Solanus Casey a Amurka, da aka naɗa a 1904 amma aka hana shi sauraron furta zunubi saboda raunin karatunsa, ya yi yawancin rayuwarsa yana tsaron ƙofar gidan 'yan Kafucin, ƙungiyar masu zaman zuhudu da yake ciki, aka ayyana shi mai albarka a 2017. Su biyun babu wanda aka ɗauke wa karatu, sun sha wuyarsa har ƙarshe.

Koyarwa a gida ba laifi ba ce, sashe na 793 ya ba iyaye haƙƙin zaɓar hanyar tarbiyyar 'ya'yansu. Amma sashe na 234 na son mai neman firistanci ya sami irin ilimin da ke kai samarin ƙasarsa ga manyan makarantu. A aikace, takardar kammala sakandare da hukuma ta amince da ita ke nan. Ki bincika tun yanzu yadda ɗan gida ke zana wannan jarrabawa a inda kuke, da irin sassaucin da ake yi wa masu matsalar karatu, ki kuma riƙa adana aikinsa na kowace shekara. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da ya fi takardar damuna shi ne zama da mutane. Paparoma Yohanna Bulus na Biyu, a wasiƙarsa ta 1992 kan horon firistoci, ya sa ginin mutuntaka a matsayin tushen da ruhaniya da ilimi da kiwon jama'a ke zaune a kai. Seminari zaman tare ne, ɗaki kusa da ɗaki, da mutanen da ba kai ka zaɓe su ba. Yaron da dariyar yara ta koro gida yana bukatar komawa cikin yara a wurin da yake da ƙarfi: ƙwallo, ƙungiyar mawaƙa, hidimar bagade. Ya saba da karɓar umarni da gyara daga wanda ba uwarsa ba.

Maganar mahaifinsa kuma, kada ki yar da ita duka. Yara da yawa sun yi wasan Mas da kofi da tawul, kaɗan ne suka zama firistoci, sauran kuma ba su yi asarar kome ba. Sashe na 1026 ya haramta tilasta wa kowa karɓar naɗi ta kowace hanya, ya kuma haramta kange wanda ya cancanta. Tilas ɗin uwa ba da sanda yake zuwa ba. Ya isa a riƙa kiran yaro ƙaramin Fada a gaban baƙi, har ya kai 17 ya kasa buɗe baki ya ce ya canza ra'ayi. Yaron da ya sha kaye a karatu ya fi kowa saurin manne wa abin da ya ga yana faranta ran uwarsa. In ya tayar da maganar, ki saurara, ki ce ku yi addu'a a kai. In ya yi wata shida bai tayar ba, ke ma kada ki tayar.

Ki sami Fadan ikilisiyarku ki gaya masa duka, har da matsalar karatun, ki roƙi a sa yaron cikin masu hidimar bagade. Ganin Fadan da Bishop ya ɗora wa kula da masu neman firistanci kuwa sai nan da shekara uku ko huɗu, kuma yaron ne zai yi magana, ke kina waje. In karatunsa ya fara kama ƙasa, ki nemi a ba shi amshin Zabura a Mas ɗin ranar mako, lokacin da mutane ba su da yawa. A buga masa da manyan haruffa, layi da layi da tazara, ya yi mako guda yana bita, ya kuma je ya gwada sau biyu a mumbarin lokacin da cocin ba kowa.