Tambaya da Amsa: Matan cikin gem ɗin ɗana kusan tsirara suke

Tambaya: Assalamu alaikum Dakta. Ɗana shekararsa 13. Ran nan na leƙa wayar da babansa ya saya masa, sai na tarar da gem ɗin faɗa, matan ciki kayansu ko rabin jiki bai rufe ba, ƙirji a waje, ƙugu kamar na zanzaro. Da na yi magana babansa ya ce ai zane ne. Maƙwabciyata kuma ta ce in kai shi a yi masa ruƙiyya. Wallahi hankalina ya ƙi kwanciya. Wata uwa daga Gwammaja, Kano.

Amsa: Wa'alaikumussalam Hajiya. Maganar ruƙiyya ki ajiye ta gefe. Ɗan shekara 13 da idonsa ya tsaya kan surar mace ba aljani ne ya shige shi ba, balaga ce ta fara zuwa. Masu tallan kwalabe a TikTok da ke cewa gem na "buɗe wa iska ƙofa" kuɗinki kawai suke hange.

Maganar maigidanki ce ta fi damuna, domin kusan kullum sai na ji ta. "Ai zane ne." A wurin iyaye da yawa a garin nan, duk abin da aka zana na yara ne, kamar katun ɗin safiya a talabijin. Wannan kuskure ne babba. Wannan ƙugun da kika gani ba haka kawai ya fito ba. Mutane ne suka zauna a kamfani suka auna shi, suka zaɓi inda riga za ta tsaya, har da ta inda kyamara za ta riƙa bin ta in tana gudu. Mace ta gaske tana da ƙashin haƙarƙari da hanji, zane kuwa babu ruwansa, shi ya sa ake kai shi inda jikin ɗan Adam ba zai taɓa kaiwa ba. Lara Croft ta gem ɗin Tomb Raider da ya fito a Ingila a 1996 ita ce fitacciya a wannan fage, sai a 2013 aka sake mata sura mai kama da ta mutane. Su masu yin abin sun san ba wasa suke ba. A Free Fire da PUBG Mobile ma, tufafin da ake sa wa mutanen cikin gem ɗin sayar da su ake yi da kuɗi, kuma abin da ya ja ido shi ke fita.

Su kansu kamfanonin ba su ce na yara ba ne. Amurka na da hukumar ESRB mai sa wa gem iyakar shekaru tun 1994, Turai na da irinta mai suna PEGI tun 2003, mai lambobin shekaru 3, 7, 12, 16 da 18. Gem ɗin GTA V lamba 18 ke jikinsa. Amma je ki gidan gem na unguwa, ko wurin masu tura gem a kasuwar waya, ki ga ɗan firamare riƙe da shi. Mai shagon bai duba ba, uban da ya biya bai duba ba, saboda zane ne. Hukumomi kuma sai an yi ihu a soshiyal midiya su fito su rufe shago biyu, kwana uku a manta.

Kada kuma ki ɗauka ɗanki ya lalace. Wani bincike da aka yi na shekara uku a Jamus, aka wallafa a 2015, bai gano alaƙa tsakanin yawan buga gem da raina mata ba. Abin da nake gudu shi ne sabo: ido ya saba da surar ƙarya har ta zama ma'auni, ya fara auna ƙannensa da 'yan ajinsu da ita. 'Yan mata masu kallo kuma su fara ganin jikinsu da naƙasu.

Kada ki fasa wayar, gidan abokinsa zai koma. Ku zauna ke da babansa ku buɗe Play Store, ku kunna ikon iyaye, ku sa iyakar shekaru da lambar sirri. Sannan ki ce ya nuna miki gem ɗin, ki tambaye shi cikin raha: me ya sa namijin ya sha sulke har wuya, ita kuma aka tura ta yaƙi da ɗan kamfai? Ki bar shi ya ba ki amsa da bakinsa.