Nono zai iya ruɓewa bayan an ɗebi tsoka don gwaji?

Tambaya: Likita, barka da aiki. Ina da ƙulli a nonon hagu, an ce za a sa allura a ɗebi 'yar tsoka a kai gwaji. Sai na ji labarin wata da nononta ya ruɓe bayan an yi mata haka, har aka yanke shi. Ga shi ina da ciwon sukari. In yarda a yi?

Amsa: 'Yar'uwa, ki yarda a yi. Abin da kika ji yana faruwa, amma da wuya ƙwarai. Ko shigar ƙwayar cuta ta yau da kullum bayan wannan allura ba ta kai wa mace 1 cikin 100, balle irin wannan mai tsanani.

Yadda take: ƙwayoyin bakteriya, sau da yawa irin masu kawo ciwon maƙogwaro, suna bin hudar allura su shiga shimfiɗar da ke ƙarƙashin fata. A can suke gudu, suna toshe ƙananan hanyoyin jini, nama ya mutu, alhali fatar sama ba ta nuna komai ba tukuna. Shi ya sa alamar farko ita ce azabar da ta fi ƙarfin abin da ido ke gani. Ɗan kumburi, taruwar jini da ciwon da farasitamol ke kwantarwa, duk ba abin damuwa ba ne. Amma idan ja yana yaɗuwa cikin awanni, ga zazzaɓi da makyarkyata, ko fatar ta yi bororo, ta fara baƙi, to a tafi sashen gaggawa ko da tsakar dare ne. Ki zagaye bakin jan da biro. In ya tsallake layin kafin yamma, kada ki jira ranar ganin likita.

Ƙwayar kemis ba ta maganin wannan ruɓewar, haka shafe-shafe da tsagar wanzami, ɓata lokaci ne kawai. Sai tiyata a kankare mataccen naman, a haɗa da magani ta jijiya, galibi a sake duba wurin cikin awa 24 zuwa 48. Jinkiri ne ya fi kai wa ga yanke nono.

Masu ciwon sukari sun fi shiga haɗari, don haka ki gaya wa likitan, a auna sukarinki a daidaita shi kafin ranar. Batun wai ciwon daji ba ya son allura kuwa, shi ne ke zaunar da mata a gida har ƙullin ya fashe. Ba a sanin ko daji ne ko ba shi ba sai an duba tsokar nan.