Wane suna zan sa wa 'yata? Amsoshin wannan satin daga Kumasi

Salamu alaikum 'yan uwa, saƙonnin satin nan kusan duk na masu ciki ne da masu jego, to na ɗauko guda uku.

Na farko wata ƙanwata ce daga Aboabo, tace: "Anti dan Allah ki bani shawara, cikina ya shiga wata tara kuma an ce mace ce. Maigidana ya dage sai sunan mamanshi Hauwa'u, ni kuma tun ina budurwa nake son Inaya. In aka sa sunan Hajiya ta yaya ma zan riƙa kiran yarinyar a gabanta?"

Ƙanwata Allah ya sauke ki lafiya. Ki kwantar da hankalinki, wannan rigimar iyayenmu sun warware ta tun kafin a haife mu, shi yasa aka yi alkunya. Ai babu matar da take buɗe baki ta ƙwala sunan uwar mijinta a tsakar gida, sai kiji ana Ummi, Mami, Walida, Hajiya ƙarama, kuma Hauwa'u ma tana da nata na gado, Kulu da Jidda, shi Jiddan saboda abin da ake faɗa cewa a birnin Jidda kabarin Nana Hauwa'u yake. To kinga ƙofa a buɗe take. Ki bar mashi Hauwa'u a yanka rago da shi, dama malamai sun ce in an samu saɓani tsakanin iyaye haƙƙin raɗa suna na uba ne, ke kuma ki nemi ya bar miki lakabin, Inaya kalmar Larabci ce mai kyau, ma'anarta kulawa, ba abin ƙi a ciki. Kuma wallahi lakabin nan shi ne yarinya zata rayu da shi, a layinmu akwai matar da ta yi jikoki ban taɓa sanin sunanta Fatima ba sai ranar da aka yi sanarwar tafiyarta Hajji, kowa Binta yake ce mata.

Amma ga inda nake so ki buɗe kunne sosai, don nan ne mu mutanen zango muke faɗawa rami. Lakabi a gida yake zama, kar ki bari ya bi yarinya cikin takarda. 'Yar yayata sunanta Hauwa'u, Ummi muke ce mata, ranar da aka je yi mata takardar haihuwa wanda ya cike fom ɗin ba Bahaushe bane ya rubuta Hawawu yadda kunnenshi ya ji, da aka kaita makaranta kuma ƙanin babanta ne ya rakata aka tambaye shi suna yace Ummi, malama ta rubuta Umi, haka aka tafi shekara da shekaru ba wanda ya lura sai da ta zo rijistar BECE, jarrabawar gama ƙaramar sakandare, ga takarda ɗaya Hawawu ga ɗaya Umi kamar mutum biyu. Na ga yayata zaune bakin gado ta baje takardun nan a kan zani tana kuka, sai da aka yi rantsuwar kotu aka buga gyaran a gazet, jaridar sanarwar gwamnati, kuɗi ya tafi lokaci ya tafi. Saboda haka tun kafin ranar suna ku zauna ke da maigida ku rubuta sunan da harafin boko yadda kuke so ya zauna har abada, Hauwa ne ko Hawa ko Hawawu, ku zaɓi ɗaya, ki ɗauki hotonshi a wayarki, duk inda za a rubuta sunan yarinyar, katin awo ne, inshorar lafiya ne, makaranta ce, Ghana Card ne, ki nuna musu su kwafa harafi da harafi. Haka masu Aisha da Ayisha da Ayishetu, duk suna ɗaya ne a bakinmu amma a kwamfuta mutum uku ne. In kuma kina so Inaya ya shiga takarda to ya shiga tun ranar farko a matsayin suna na biyu, Hauwa Inaya, shikenan.

Wani abu kuma tunda kin ambaci sunan da kika daɗe kina so, duk sunan da kuka tsinto a TikTok ko Facebook ku kai wa wanda ya san Larabci ya duba muku shi a rubuce da harafin Larabci, don daɗin sauti kaɗai baya isa. Misali Asiya, akwai Asiya matar Fir'auna baiwar Allah wadda kowa ke so 'yarshi ta yi koyi da ita, akwai kuma wata kalmar da ake rubutawa da ainun da sadi mai nufin mai saɓo, ita ce Annabi (SAW) ya canza wa 'yar Sayyidina Umar ya mayar da ita Jamila. A boko duk Asiya zaki gani.

Na biyu wani bawan Allah ne daga Asawase, yace matarshi Ba'asantiya ce ta musulunta, sun samu 'ya mace ranar Alhamis, zai sa mata Maryam, amma tun a asibiti surukarshi ta fara kiranta Yaa, shi kuma abin yana damunshi, ya hana ne ko ya bari?

Malam barka da arziki, Allah ya raya Maryam. Ni dai a ganina ka bari. Ka tuna mu ma muna da irin wannan, macen Lahadi Ladi, ta Litinin Altine, ta Talata Talatu, ta Laraba Larai ko Balaraba, ta Alhamis Lami, ta Juma'a Jummai, ta Asabar Asabe, har mutanen arewacin Gana suka ɗauka kana jin Lamisi da Lariba da Asibi. Da a Kano aka haifi 'yarka kakarta Lami zata ce mata ba wanda zai ɗaga gira, a nan kuma ta ce Yaa, duk Alhamis ɗin ce. Na san su Asante suna kiran sunan rana kradin, suna danganta shi da kurwa, in wannan ne ya tsaya maka a rai ka zauna da matarka ku fahimci juna cewa ku ranar kawai kuke nufi, amma kar ka je kana yi wa tsohuwa gyara a gaban mutane, jikarta ce, kuma sunan ba na banza bane a garin nan, Yaa Asantewaa ta Ejisu ita ta ja yaƙi da Turawan Ingila a 1900. Abin da zan ce ka yi da wuri shi ne ka sanar da dangin matarka ranar suna, don su a al'adarsu rana ta takwas suke fitar da jariri mu kuma ta bakwai muke yanka, kar su ji kamar an yi babu su. In kana neman lakabin da zai yi daɗi a bakin kowane ɓangare ka gwada Nana, mu muna sa shi gaban sunayen mata masu daraja kamar Nana Asma'u 'yar Shehu Ɗanfodiyo, su kuma a yarensu Twi da shi ake girmama sarakuna da kakanni.

Ta ƙarshe daga Sabon Zango tana tambaya ko ta bada odar kofuna da jakunkuna masu sunan jaririya na rabon ranar suna, har da sarƙar gwal mai sunan, don mai bugawa yace sai an bashi sati biyu.

Ƙawata kar ki buga komai da suna tukuna. Sau nawa ake kwana da Zainab a wayi gari kaka ya iso daga Tamale ko Bawku da asuba liman ya sanar da Safiya, me zaki yi da kofi ɗari? In dole sai kin yi rabo ki sa a rubuta barka da suna kawai. Kuɗin ki fara ware na rago, ɗaya ya isar wa 'ya mace, da na wanzami da sadakar nauyin gashin da aka aske, da goro da kokon safe na masu zuwa addu'a. Sarƙar kuma ki haƙura da ita, jaririya bata sa sarƙa ma, ki shiga kasuwar Kejetia ki sayo mata ɗan kunne ƙarami na gwal mai kyau wanda ba zai ci mata kunne ba. Sai ki tuna ki je ofishin rijistar haihuwa kafin ta cika shekara ɗaya, a wannan tsakanin kyauta ake yi, ki tafi da sunan a rubuce a hannunki.