Amsa kan hubiera da hubiese a Sifaniyanci

Ɗan'uwa, ka ce wannan pluscuamperfecto de subjuntivo ɗin ya ruɗa ka, wai ba ka gane yadda ake juya aikatau ba. Wallahi sunan ne kawai mai ban tsoro, abin nan da-na-sani ne irin namu. Si hubiera sabido, habría venido, ai "da na sani da na zo" kenan, ba wani abu ba.

Kalma biyu ake haɗawa. Ta farko haber ce, wato aikatau mai taimako, kuma ita kaɗai ke canzawa gwargwadon mai aikin (ni, kai, shi, mu, ku, su): hubiera, hubieras, hubiera, hubiéramos, hubierais, hubieran, kar ka manta da ɗigon nan na kan é a hubiéramos, sannan h ɗin ba a furta ta. Ta biyun kuwa ba ruwanta da mace ko namiji ko jam'i, in aikatau ya ƙare da -ar sai ka sa -ado, hablar ya koma hablado, in -er ko -ir ne sai -ido, comido, vivido. Masu taurin kan su ne irin hecho, dicho, visto, escrito, puesto, waɗannan sai hadda kawai.

Hubiese da ka tambaya ma'anarsu ɗaya da hubiera, amma a magana hubiera ka fi ji, musamman mutanen Meziko da Kolombiya, su ko hubierais ba sa amfani da shi, hubieran suke cewa.

Ka gwada da ojalá, wadda asalinta Larabci ne: ojalá hubiera estudiado, ina ma na yi karatu.