Me Ke Ɗauke Gajeren Zango Da Rana Tsaka?

Tambaya: Wani lokaci da rana tsaka sai tashoshin gajeren zango su ɗauke ɗif, can anjima su dawo. An ce mini aman wutar rana ne. Da gaske ne? Wa ke sa ido a kai?
Mai karatu daga Damagaram

Amsa: Malam, in duk tashoshin suka ɗauke tare amma FM na aiki, kada ka kwance rediyonka. Muryar gajeren zango sai ta haura ta dunguri iskar sama mai caji, wato ayonosfiya, kafin ta dawo ƙasa. Idan rana ta yi tartsatsi, hasken eksire nata kan iso cikin minti 8, ya ƙara wa shimfiɗar da ke kilomita 60 zuwa 90 caji har ta shanye muryar. Ɓangaren duniya da rana ke haskawa kaɗai abin ke shafa.

Taurarin ɗan'adam na GOES, na hukumar NOAA ta Amurka, su ke auna hasken daga nisan kilomita 35,786 sama da doron duniya. Matakansa A, B, C, M, X, kowanne ya ninka wanda ya gabace shi sau 10, kuma daga M rediyo ke fara dishewa. Wannan ba ya da gargaɗi: lokacin da aka gan shi, ya riga ya iso.

Wanda ake iya yi wa shiri shi ne curin iskar da rana ke fesowa, mai kwana 1 zuwa 3 a hanya. Tauraron ɗan'adam SOHO, da aka harba a 1995, kan hango fitowarsa. Tauraron ACE kuwa an ajiye shi kilomita miliyan 1.5 daga nan ta wajen rana, yana ba da gargaɗi minti 15 zuwa 60 kafin curin ya iso. In maganaɗisun curin ya fuskanci kudu, shi ne ake tsoro, don sai ya haɗe da na duniya, iskar sama ta ɗumama ta kumbura. Haka aka yi a Fabrairun 2022: cikin taurarin Starlink 49 da aka harba, 38 iskar ta ja su suka ƙone.

Tambaya: Haskoki masu zuwa daga wajen unguwar rana (wato rana da duniyoyin da ke kewaya ta) fa, su ma ƙaruwa suke yi?

Amsa: A'a, raguwa ma suke yi na 'yan kwanaki, don maganaɗisun curin kan kore su. Masu ƙaruwa ƙwayoyin furoton ne, wato ƙananan ƙwayoyi masu caji, na ranar kanta, shi ya sa jiragen da ke bi ta doron arewa kan sauya hanya.